Daga Funtuwa Zuwa Malumfashi: Ina Fatake Suka Shiga?

  

A wannan fitowar tafiya za mu yi tare, 'yar gajeruwa, daga Funtuwa zuwa Malumfashi. Masu jiran labarin soyayya su ƙara haƙuri, in sun bi ni a sannu za su tsince shi a hanya. Guzurinmu kalma ɗaya ce. Littafin da nake kan rubutawa yanzu tauraronsa farke ne na zamanin da, wanda ya bar amaryarsa ya tafi Gwanja saro goro. Garin neman sanin yadda irin waɗannan mutane suka rayu ne na buɗe ƙamus don in ga da wane suna Bature ke kiran su, sai ga shi kalmar ta ja ni ta kai ni inda ban zata ba.

Kalmar Bature da tafiyar da ta sha

Abin da muke kira ayari, Bature yana ce masa caravan, a bakinmu sai ya fito kamar karaban. Wanda ke tafiya cikin ayarin shi ne caravanner, jagoransu kuwa, wato madugu, akan ce masa caravaneer. Wani abin mamaki, ashe shi ma Baturen aro ya yi. Asalin kalmar ta mutanen Farisa ce, ƙasar da ake kira Iran a yau. Su ke cewa karwan, suna nufin taron 'yan kasuwa ko mahajjata da suka haɗa kai suka ratsa hamada tare saboda tsoron 'yan fashi. Masaukin da ake gina musu a bakin hanya, mai katanga da rijiya da wurin ɗaure raƙuma, shi ne karwansarai, wato dai zango. Daga Farisa kalmar ta bi bakin 'yan kasuwa ta shiga Italiya da Faransa, ta isa Ingila wajen ƙarshen ƙarni na 16.

Da ta isa Ingila sai ta tarar babu hamada babu raƙumi, sai ta fara canza riga. Kafin ƙarshen ƙarni na 17 an fara kiran keken doki mai rufi da wannan suna. A ƙarni na 19 aka yanke mata kai aka bar wutsiya, ta koma van, sunan da har gobe suke kiran motar ɗaukar kaya da shi. Sannan aka laƙaba ta wa keken da masu yawon wasanni da mutanen Roma marasa gari ɗaya ke kwana a ciki. A 1885 wani likita mai suna Gordon Stables ya sa aka ƙera masa irin wannan keke don yawon shan iska kawai, masu hali suka ga abin ya yi kyau suka bi sahu, har suka kafa ƙungiyarsu a 1907. Shi ya sa yau in ka ce wa mutumin Ingila caravanner, abin da zai zo masa a rai shi ne wani dattijo da matarsa sun ɗaura ɗan ɗaki mai taya a bayan mota, sun nufi bakin teku hutu, da butar shayinsu da karensu.

Kun ji fa. Kalmar da tsoro ya haifa ta koma ta hutu, don hanyoyinsu sun yi lafiya har mutum ɗaya da matarsa sun isa ayari. Amma tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. A 2018, da dubban talakawa suka taso a ƙasa daga Honduras suka ratsa Meziko suna neman shiga Amurka, sun haɗu wuri ɗaya don kada a far musu a hanya, kuma da wannan tsohon suna 'yan jarida suka kira su.

Da na gama karanta wannan sai na ce a raina, to namu kalmomin fa? Farke da ayari da madugu da zango, wace riga suka saka yanzu? Amsar tana bakin hanya, don haka na yafa gyalena na nufi tasha.

Funtuwa, garin da jirgi ya raina

Duk wanda ya san Funtuwa ya san mararraba ce. Hanya ɗaya ta yi Zariya, ɗaya ta yi Gusau da Sakkwato, ɗaya ta yi Ɗandume da Birnin Gwari, ɗaya kuma ta bi ta Bakori zuwa Malumfashi, daga can a rabu, mai zuwa Katsina ya yi nasa wuri, mai zuwa Kano ta Gwarzo ya yi nasa. Wannan yanki namu shi magabata ke kira Katsina Laka, saboda ƙasarsa mai danƙo da ruwan sama wadatacce. A zamanin fatake manyan garuruwan nan su ne irin su Maska da Gozaki. Maska ta yi suna wajen auduga da saƙa, kuma tufafin da masaƙan wannan yanki suka saƙa suna cikin hajar da ake ɗora wa jakuna. Har yanzu hakimin Funtuwa sarautarsa Sarkin Maska, alamar inda girman ya faro.

Abin da ya ɗaga Funtuwa shi ne abin da ya karya fataucin ƙafa. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sannan aka ja reshe daga Zariya ya ratso ta Funtuwa da Gusau, ya tiƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Kamfanin Turawa mai sayen auduga, wanda iyayenmu ke kira Bisije, ya kafa injin gurza a Funtuwa da Malumfashi, aka kuma buɗe gonar irin auduga a Daudawa. Kayan da jaki ɗari za su yi wata da watanni suna ja, tarago ɗaya ya kwashe su cikin kwanaki. Ɗan farke sai ya zama dillalin auduga ko mai awon gyaɗa, jikansa ya zama direban gingimari. A 1975 aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, taki da sabon irin masara suka shigo, har masara ta zo ta sha gaban auduga. A 2024 kuma aka buɗe tashar tsandauri a garin, inda ake son kwantenoni su riƙa sauka kai tsaye. In ka duba da kyau ita ma zango ce, sai dai raƙumanta na ƙarfe ne.

A tasha na tarar da abin da aka saba. 'Yan kamasho na ta kiran Malumfashi saura mutum ɗaya, alhali saura huɗu. Masu rake da masu dafaffen ƙwai sun kewaye mota, buhunan masara da waken suya an jibge su kamar ganuwa, wani mai shayi ya ƙure waƙar Shata. Shi kansa marigayi Mamman Shata, haifaffen Musawa da ya yi zamansa a nan Funtuwa har ya rasu a 1999, ai wani irin farke ne, sai dai hajarsa a baki take.

Abin da Baba ya faɗa mini a mota

Allah Ya haɗa ni kujera ɗaya da wani dattijo mai farin gemu, da ɗan ƙunshin goronsa cikin jiƙaƙƙen algarara. Bayan mun gaisa ya ɓantaro ya miƙo mini, na sa hannu biyu na karɓa.

Na ce, "Baba, wai don Allah goron nan a da daga ina ake kawo shi?"

Ya dube ni ya yi dariya. Ya ce, "Ɗiyata, ke ko mi ya kai ki wannan tambaya? Yaran yanzu ai sai cingam. Kakana farke ne, sau uku yana zuwa Gwanja da ƙafa tai."

Tun daga nan har muka wuce Bakori bai rufe baki ba, ni kuwa na baza kunnuwa. Abin da ya gaya mini ya zo daidai da abin da masana tarihi suka rubuta, don haka bari in haɗa muku su wuri ɗaya.

Goro ba ya yi a ƙasar Hausa. A kurmin Ashanti yake, cikin Ghana ta yau, ana fito da shi kasuwar Salaga da ke ƙasar Gwanja. Da kaka ta yi, ruwa ya ɗauke, rafuka suka janye, sai fatake su fara haɗuwa. Kowa da hajarsa: kanwa, baƙaƙen riguna da rawuna masu shuni, jan fata, takalma, gabu, wani har da dawaki da shanu. A ɗora wa jaki akumari, a ɗaure mangala ko waga, wanda bai da dabba ya ɗauka a ka. Daga nan a yi yamma, a ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, a ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, a bi ta Yandi a faɗa Salaga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara guda cur. Ayarin kuma ba ƙarami ba ne. Baturen nan Clapperton ya gamu da wani a Kayama ta ƙasar Bargu a 1826 yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutum sama da 1,000, maza da mata, da dabbobi kusan yawansu.

Taro irin wannan ba ya tafiya sai da tsari. Madugu uban tafiya shi ne shugaba, shi ke sa ranar tashi, shi ke zuwa gaban sarakunan hanya ya yi cinikin kuɗin fito da na wucewa, shi ke raba gardama. Jagaba yana gaba, shi ya san hanya da mashaya da wurin da 'yan fashi ke laɓewa. Uban dawaki shi ke tara kuɗin da aka yanka wa kowa gwargwadon kayansa. Akwai malamin ayari mai rubutu da lissafi da jan salla. Tun da asuba ake ɗaura kaya, kafin rana ta take an sauka zango, a sauke wa dabbobi, a kafa bukkoki, a zagaye da ƙaya. A dawowa kuma ga wahalar goro, don shi ɗan lele ne. Sai an naɗe shi cikin ɗanyen ganye, ana yayyafa ruwa, ana kwancewa ana tsince wanda tsutsa ta taɓa don kada ya ɓata sauran. In kin ji an ce an kai ƙwarya biyu ta goro wajen ɗaurin aure, wato goro 200, to a da kowane ɗaya sai da ya yi wannan tafiya.

Baba ya ce dokar ayari ɗaya ce wadda ba a karyawa: ba a barin mutum a baya. In jakinka ya faɗi a raba kayanka a ɗauka. In ciwo ya kama ka a jira, ko a damƙa ka hannun amintaccen mai masauki. In ka rasu a yi maka sutura, madugu ya ƙirga dukiyarka gaban shaidu ya kawo wa magada har gida. Wanda ya ci amana sau ɗaya kuwa, babu madugun da zai sake karɓarsa.

Ta arewa ma haka abin yake. Buzaye na tasowa daga Abzin su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, su ɗauko gishirin kantu da dabino, su gangaro ƙasar Hausa su saya da gero da tufafi. Cikin irin wannan ayarin gishiri ne Baturen Jamus Heinrich Barth ya shigo Katsina a farkon 1851. Gaskiya kuma ɗaya ce, ba a ɓoye ta: cikin abin da ayarin wancan zamani ya kora har da bayi, 'ya'yan wasu da aka raba da iyayensu. Allah Ya kyauta.

Mu mata muna ina?

Nan ne na fi kasa kunne, don saboda amaryar littafina na fito. Ashe ba duka mata ke zaman jira ba. Da yawa suna cikin ayarin, wasu matan fatake ne, wasu kuma kasuwancin kansu suke yi. Da an sauka zango su ke hura wuta, su dama fura, su tuƙa tuwo su sayar wa gwagware, su tara nasu jari. Ta gida kuma ba a kwance take ba. Tana kaɗi, tana ba da zare a saƙa, ta ba mijinta ko wanta sautu, ya juya mata ya dawo da riba. Wannan hanya ai tsohuwa ce, don Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, da dukiyarta ake zuwa Sham cikin ayari, kuma amanar da ta gani a wannan fatauci ita ta zama sanadin aure mafi albarka.

Amma ku auna zuciyar wadda aka bari. Babu waya, babu wasiƙa sai in an dace da wani ayari mai dawowa. An tafi an bar ta da ƙaramin ciki, sai a dawo a tarar yaro na zama. Wata kuma har abada, sai dai madugu ya yi sallama a ƙofar gida da ƙunshin kaya a hannu, tun kafin ya buɗe baki ta gane. Wani mijin lafiyarsa lau, zango ne ya yi masa daɗi, ya auri 'yar can ya kafa gida. Haka aka samu unguwannin Hausawa da ake kira Zongo a Kumasi da Ankara da Lome da Kwatano. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya ƙara watsa su cikin ƙasar. Yau a Ghana akwai jikokin Katsinawa da Kanawa masu jin Hausa raɗau waɗanda ba su taɓa ganin Katsina ba.

Wasu kuma fataucin ya ɗaukaka su. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, daga zuriyar Agalawa fatake ya fito. Da ya ga zamani ya juya sai ya riƙa ɗoro goro a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko, daga baya ya shiga sayen gyaɗa. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Kun ga jikan farke bai bar hanya ba, tireloli kawai ya saya.

Rigunan da kalmominmu suka saka

Bayan Baba ya sauka a wani ƙauye kafin Malumfashi, na yi shiru ina kallon gonaki. Dawa ta sunkuyar da kai, an karya masara an tara, can ga 'yan mata da ƙwarya suna tsintar auduga a 'yar gonar da ta rage. Sai na shiga lissafin inda nake jin kalmomin nan a yau.

Zango ya shiga makaranta, ƙannena suna cewa zangon karatu na ɗaya da na biyu, ba su san daga saukar fatake aka aro shi ba. Ya kuma zama sunan gari, ga Zangon Daura ga Zangon Katab. Madugu ya koma rediyo, kullum sai ka ji madugun 'yan adawa ko madugun 'yan tawaye. Jagaba ya zama sarauta, Shugaba Bola Tinubu ma Jagaban Bargu ne, ƙasar nan da fatake ke ratsawa. Ayari ya koma na motocin gwamna masu jiniya da na 'yan kai amarya. Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce fatauci. Sana'ar da a da in an ce mutum na yin ta ake ba shi 'ya ba a tambaya, yau in ka ji ta a labarai, to fataucin miyagun ƙwayoyi ne ko fataucin mutane.

Malumfashi da hanyar yau

Mun shiga Malumfashi ana kiran azahar. Garin Galadiman Katsina ne, kujerar da marigayi Mai Shari'a Mamman Nasir ya riƙe har rasuwarsa a 2019. Gari ne mai sanyin hali, ga kasuwar hatsi, ga manyan motoci sun yi layi ana loda buhu zuwa Dawanau ta Kano da kudu. Na sauka gidan gwaggona, aka kawo fura da nono mai kauri, muka zauna hira da matan gida.

Da na ba su labarin fatake, ina tsammanin za su yi mamaki, sai matar ɗan gwaggon nawa, wadda mijinta ke jan babbar mota, ta ce, "Yaya, ai mu har yanzu a cikinsa muke." Ta ce in za su bi wata hanyar ba mai tashi shi kaɗai. Sai sun jira juna a tasha sun yi jeri, wanda ya fi sanin hanya ya shige gaba, ana buga waya ana tambayar na gaba ko lafiya. In la'asar ta yi musu a wani gari nan za su kwana, ko da gida saura tafiyar awa ɗaya. Ita kuma ba ta runtsawa sai ta ji ya ce sun sauka.

Babu wanda ya tambaye ta dalili, don duk mun sani. A shekarun 1990 'yan kwanta-kwanta ake tsoro, su karɓe kuɗi su bar ka da ranka. Daga baya abin ya koma satar mutane. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, nan kusa da mu, Allah Ya sa aka sako su bayan kwanaki. A 2023 gwamnatin Katsina ta kafa rundunar tsaro ta 'yan sa-kai daga cikin 'ya'yan yankunan. A Agustan 2025 aka far wa masallata da asuba a Unguwar Mantau, cikin ƙaramar hukumar Malumfashin nan. Hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta Sheme da 'Yankara da Tsafe kuwa, an sha ganin shekarun da matafiya ke tsayawa su taru kafin su ratsa ta. Manomi ma ya koyi zuwa gona cikin jama'a.

Wato abin da ya sa mutanen Farisa suka ƙirƙiro karwan, ya sa kakanninmu suka naɗa madugu, shi ne ya dawo ya same mu a kan kwalta. Bature ya kai kalmarsa bakin teku tana shan iska, tamu ta koma bakin aikinta na fari. Sai dai ina ganin mun ɗauko rabin gadon mun bar rabi. Jerin motoci muna yi, amma in ta gaba ta lalace sau nawa ta baya ke tsayawa? In aka ɗauke maƙwabci, sau nawa ake raba kayansa a ɗauka, a noma masa gonarsa, a duba matarsa da 'ya'yansa har ya dawo? Kuma kowa ya san ɓarayin daji ba sa sanin mai kuɗi a gari sai wani na cikin gari ya nuna. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ayarin da, mai irin wannan hali ko kwana ɗaya ba zai ƙara a zango ba.

Don haka 'yar uwa, ga ɗan abin da ke hannunmu. In maigida ya ce zai kwana a hanya don dare ya yi, kada ki yi masa fushi ko zargi, ki ce Allah Ya kai mu safiya. In akwai matar da mijinta ya tafi bai dawo ba a unguwarku, ki leƙa ta, ko da kwanon tuwo ne. In kuma akwai sauran tsoho a gidanku da ya ji labarin Gwanja daga bakin kakansa, ki zaunar da yara su saurara tun yana da rai, su san abin da ake nufi in an ce madugu.

Amaryar littafina dai har yanzu tana bakin ƙofa tana jira, ban yanke ko farkenta zai dawo ba. Ku rubuto ku ba ni shawara ta adireshin mujalla. Allah Ya tsare matafiyanmu na ƙasa da na ruwa da na sama, Ya dawo mana da waɗanda ke hannun miyagu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in mai duka ya kai mu.

Taku har kullum.